Daga birnin Meksiko zuwa Filadelfiya: ƙananan gidajen abincin Meksiko da kowane gari ke tinƙaho da nasa

A watan Mayun 2024, kundin Michelin, wanda ya fi kowane suna a duniya wajen tantance gidajen cin abinci, ya fitar da jerinsa na farko na ƙasar Meksiko. Cikin waɗanda suka samu tauraro har da wata ƴar rumfa mai suna El Califa de León, a unguwar San Rafael ta babban birnin ƙasar. Faɗinta bai wuce mita uku ba, tsawonta ma haka. Babu wurin zama kirki, mutane a tsaye suke ci, wasu ma a bakin titi. Abinci kala huɗu kacal ake sayarwa, dukkansu tako ne, wato nama a naɗe cikin ƴar siririyar gurasar masara da suke kira tortiya. Tun 1968 rumfar take nan a hannun iyali ɗaya, kuma ita ce rumfar tako ta farko da ta samu wannan tauraro, wanda aka saba ba manyan gidaje masu fararen tebura.

Girkin nata ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A ɗora yankan nama kan ƙarfe mai zafi, a barbaɗa gishiri, a matsa lemun tsami, a gasa tortiya sabuwa a gefe, a miƙa wa mai saye ya zuba miyar tonka ja ko kore da kansa. Mutanen unguwa sun san da haka shekaru hamsin kafin baƙi masu tantancewa su zo.

Irin wannan rumfa akwai ta a kusan kowane gari na Meksiko da na Amurka, kuma kowane gari rantsuwa yake nasa ya fi. Idan aka bi tarihin waɗanda suka yi suna, abu guda ake tararwa. Yawancinsu iyali ne suka kafa su da ƙaramin jari, sau da yawa mace ce a gaba, suka riƙe abinci ɗaya ko biyu suna yi shekara da shekaru ba su canza hannu ba.

Yawan gidajen da inda suka fi taruwa

Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da wani ƙidaya a farkon 2024, inda ta gano cewa kashi 11 cikin 100 na gidajen abincin Amurka abincin Meksiko suke sayarwa. Kashi 85 cikin 100 na gundumomin ƙasar suna da aƙalla guda ɗaya. Jahohin Kaliforniya da Teksas kaɗai sun kwashe kusan kashi 40 cikin 100 na jimillar.

Dalilin haka yana cikin tarihi. Kaliforniya, Teksas, Arizona da wasu jahohin kudu maso yammacin Amurka a da ƙasar Meksiko ne. Yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar 1848 ya sa Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta, mutanen da ke zaune can suka wayi gari a wata ƙasa ba tare da sun gusa ko taki ɗaya ba. Daga baya ƴan ci-rani suka yi ta kwarara domin aikin gona, layin dogo da masana'antu. A yau mutanen da ke da asalin Meksiko a Amurka sun haura miliyon 37, kuma kuɗin da ake aikawa gida Meksiko daga waje ya zarce dalar Amurka biliyon 63 a 2023. Wani kaso na wannan kuɗi daga bakin murhu yake fitowa.

Tuson: naman da ake shanyawa a saman rufi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ƴan kilishi a Madawa ko Damagaram, ba zai ji baƙunta ba a gidan El Charro Café na birnin Tuson, jahar Arizona. Abincin da ya ɗaga sunan gidan shi ne carne seca, ma'ana busasshen nama. Ana yanka naman sa fale-fale, a jiƙa shi da tafarnuwa da ruwan lemun tsami, a zuba cikin wani keji na ƙarfe, a ɗaga shi saman ginin ya sha ranar hamada. Bambancinsa da kilishi shi ne ba a shafa masa labu. Idan ya bushe sai a daddage shi, a soya da albasa, tumatir da ɗanyen tattasai.

Wata mata mai suna Monica Flin ce ta buɗe gidan a 1922. Mahaifinta Bafaranshe ne mai sassaƙar dutse, kuma gidan da ya gina wa iyalinsa shi ne mazaunin wurin cin abincin a yau. Danginta ke riƙe da shi har yanzu, shi ya sa suke kiran kansu gidan abincin Meksiko mafi daɗewa a Amurka a hannun iyali ɗaya ba tare da yankewa ba. A 2015 hukumar UNESCO ta sa Tuson cikin biranen da ta karrama saboda abinci, birni na farko a Amurka da ya samu wannan matsayi.

San Antoniyo: daga tebur uku zuwa kujeru 500

A San Antoniyo ta jahar Teksas, tun ƙarshen ƙarni na 19 mata ke fitowa dandalin gari da yamma da tukwanensu da fitilu, suna sayar da naman da aka dafa da tonka. Sun yi suna har ana ce musu sarauniyoyin cili, baƙi na zuwa daga nesa domin su. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin kiwon lafiya na birnin suka ɗora musu sharuɗɗan da ƙaramar mai tuwo ba za ta iya cikawa ba, kafin tsakiyar shekarun 1940 sun ɓace daga dandalin. Abincin nasu ya ci gaba da kawo kuɗi, sai dai a gwangwani da manyan gidaje, a aljihun wasu.

Cikin wannan yanayi ne Pedro Cortez, ɗan ci-rani daga Gwadalahara, da matarsa Cruz suka buɗe ɗan shago mai tebur uku a kasuwar birnin a 1941, suna ciyar da manoma da ƴan dako masu sammako. Daga nan aka samu Mi Tierra, ma'ana ƙasata, wanda a yau ke ɗaukar mutum sama da 500 a zama ɗaya. Akwai gidan burodi a ciki, makaɗa na zagaya tebura, ga kuma wani babban zane a bango mai ɗauke da fuskokin fitattun ƴan asalin Meksiko. Ƴaƴa da jikokin Cortez ke tafiyar da shi.

A Hustan, cikin jahar dai, wata bazawara mai ƴaƴa biyar, Ninfa Laurenzo, ta ga masana'antar tortiyarta na neman durƙushewa, sai ta jera ƴan tebura a gaban ginin a 1973 ta fara sayar da gasasshen naman sa a naɗe cikin tortiya. Yankan naman da take amfani da shi a lokacin mai arha ne, mahauta ba su ɗauke shi bakin komai ba. Gidanta na cikin waɗanda suka yaɗa abincin da duniya ta sani yau da sunan fahita.

San Barnadino: wanda ya koya da wanda ya koyar

Labarin da ya fi nuna yadda riba ke tafiya a wannan sana'a shi ne na Mitla Café a San Barnadino, jahar Kaliforniya. Lucia Rodriguez ce ta buɗe shi a 1937, a unguwar ƴan Meksiko, kan tsohuwar babbar hanya mai lamba 66. A zamanin ana nuna wa ƴan Meksiko wariya a makarantu da wuraren shaƙatawa, saboda haka gidan ya zama majalisar unguwa. Shugabannin al'umma sun riƙa haɗuwa a can, kuma a birnin ne aka yi shari'ar 1944 da ta tilasta buɗe musu wurin ninƙaya na gwamnati. Shugaban ƙungiyar ma'aikatan gona, Cesar Chavez, yana cikin masu cin abinci a gidan.

A farkon shekarun 1950, a ɗaya gefen titin, akwai wani Ba'amurke mai rumfar hambaga, sunansa Glen Bell. Ya ga layin da ake yi a Mitla domin soyayyen tako mai ƙaras-ƙaras, ya riƙa shiga yana ci, har masu gidan suka bar shi ya ga yadda ake yi. Ya koma ya tsara hanyar yin sa da sauri da yawa. A 1962 ya kafa Taco Bell, kamfanin da a yau ke da rassa fiye da 7,000. Ɗan jarida Gustavo Arellano ya bibiyi wannan tarihi cikin littafinsa Taco USA na 2012, abin da ya sa mutane da dama suka fara jin sunan Mitla.

Mitla na nan inda yake, a titin Mount Vernon, a hannun jikokin Lucia. Mutanen San Barnadino kuwa idan za a yi bikin suna ko taron dangi, can suke nufa.

San Faransisko da Los Anjeles: gardamar burito da farar Wahaka

A unguwar Mishan ta San Faransisko, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce wa ya fi iya burito, wato babbar tortiyar alkama da ake cikawa da nama, wake da miya a naɗe kamar tabarma. A 2014 shafin FiveThirtyEight mai aiki da alƙaluma ya tace wurare sama da 67,000 masu sayar da burito a faɗin Amurka, aka bi zagaye-zagaye kamar gasar ƙwallo, a ƙarshe La Taqueria ta yi nasara. Miguel Jara ne ya buɗe ta a 1973. Abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa shi ne ba ya zuba shinkafa a ciki, ga shi kuwa shinkafa ce ke cika burito da arha. A 2017 gidauniyar James Beard, wadda kyautarta ta fi kowace daraja a harkar abinci a Amurka, ta sa gidan cikin na tarihi.

Los Anjeles kuwa jahohin Meksiko da dama suna da wakilci a cikinta. Gidan Guelaguetza, wanda Fernando López ya buɗe a 1994, na mutanen jahar Wahaka ne da ke kudancin Meksiko. López bai sassauta girkin domin ya dace da harshen Amurkawa ba, ƴan garinsu masu kewar gida ya nufa. Shahararriyar miyarsu ita ce mole, baƙa wuluk, ana haɗa ta da kayan haɗi sama da ashirin: tonka iri-iri da aka gasa, riɗi, kirfa, gyaɗa, har da cakulan. Ana iya kwana biyu ana aikinta.

Akwai kuma abin da zai sa Bamaraɗe murmushi. A Wahaka ana cin fara, suna kiranta capulines. Ana soya ta da tafarnuwa, gishiri, lemun tsami da tonka, ana tallar ta a kwanduna a kasuwa ana aunawa da gwangwani. A Guelaguetza tana cikin jerin abinci, baƙi na ɗaukar ta hoto kafin su yi ƙarfin halin kai wa baki. Ƴaƴan López ke riƙe da gidan yanzu, kuma ya samu kyautar James Beard a 2015.

Filadelfiya: ragon da aka gasa da matar da ba ta da takardu

Cristina Martínez ƴar garin Kapulwak ce a tsakiyar Meksiko, garin da sana'arsa ita ce barbakowa: a naɗe naman rago cikin ganyen wani tsiro mai kama da kabar giwa, a dafa shi a hankali dare guda, asali cikin rami, romon yana ɗiga cikin tukunyar da aka ajiye a ƙasa. Ta tsallaka iyakar Amurka ta hamada domin ta samu kuɗin karatun ɗiyarta. A Filadelfiya ta fara sayar da naman daga ɗakinta ranakun hutu, sannan a amalanke, sannan ta kama shago mai suna South Philly Barbacoa. Masu sayenta na farko leburori ne da ma'aikatan kicin masu tashi aiki da asuba.

A 2016 mujallar Bon Appétit ta sa shagon cikin sabbin gidajen abinci goma mafi kyau a Amurka. A 2022 ta karɓi kyautar James Beard ta gwanar girki a yankinta. Duk tsawon wannan lokaci ba ta ɓoye cewa ba ta da takardun zama ba, ta ma mai da maganar abin fafutuka, tana tunatar da masu ci cewa hannayen da ke wanke kwanuka da yanka albasa a manyan gidajen ƙasar, da yawansu irin nata ne.

Maganar ba ta tsaya a baki ba. A watan Yunin 2025, da jami'an shige da fice suka tsananta kame a Los Anjeles, masu tallar abinci da dama sun daina fitowa, masu saye ma suka zauna gida saboda tsoro, gidajen abinci a unguwannin ƴan Meksiko suka yi ta kukan rashin ciniki. Wannan ya zo ne ƴan shekaru kaɗan bayan Kaliforniya ta yi dokar 2018 da ta daina ɗaukar talla a bakin titi a matsayin laifi. Ga kuma tsadar haya, wadda ke korar tsofaffin shaguna daga unguwannin da su ne suka raya su.

Can gida Meksiko: kowane gari da namansa

A cikin Meksiko kanta ba a cewa abincin Meksiko, sai dai a ce na gari kaza. A Monteri ta arewa, ɗan akuya ake gasawa a tsaye gefen garwashi, kuma El Rey del Cabrito na cikin gidajen da aka fi sani da shi. A Gwadalahara birriya ce, farfesun akuya mai jan romo. A can ne kuma gidan Karne Garibaldi ya shiga kundin Guinness a 1996 saboda saurin kawo abinci cikin daƙiƙa 13 da rabi, abin da ya yiwu domin kusan abinci ɗaya kowa ke zuwa ci. A Ensenada ta bakin teku, Sabina Bandera ta yi suna a duniya da amalankenta La Guerrerense mai sayar da kifi da sauran kayan ruwa. A kasuwar 20 de Noviembre ta Wahaka akwai wani lungu da hayaƙi ba ya yankewa: ka zaɓi namanka wurin mahauci, a gasa maka nan take, ka sayi tortiya wurin wata, albasa da miya wurin wata.

Ginshiƙin duk waɗannan shi ne masara. A kudancin Meksiko aka fara noma ta kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, daga can ta bazu har ta iso gonakinmu, kamar yadda tonka da tumatir su ma daga nahiyar Amurka suka zo. Kafin a niƙa masara, ana dafa ta cikin ruwan toka ko na laso, a bar ta ta kwana, a wanke. Wannan yana cire dusa, yana sa ƙullun ya yi danƙo, yana kuma sakin bitamin B3 da ke ƙulle cikin ƙwayar. Ƙasashen da suka karɓi masara suka dogara da ita ba tare da wannan dabara ba sun sha fama da cutar pelagra mai lalata fata. A 2010 UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin kayan gadon ɗan Adam. Muhimmancin tortiya ya kai ga a watan Janairun 2007, da farashinta ya yi tashin gwauron zabo, dubban mutane suka fito zanga-zanga a babban birnin.

Abin sha ma akwai sanayya. Jan ruwan da ake sayarwa a kusan kowace rumfar tako, agua de jamaica, bisap ne, zoɓo ke nan, kuma Meksiko na sayen busasshen zoɓo mai yawa daga arewacin Najeriya. Akwai na tsamiya. Akwai kuma horchata, wadda a Spaniya da aya ake yin ta, har da ayar da ake fitarwa daga Nijar, amma ƴan Meksiko da shinkafa da kirfa suke yin tasu.

Abin lura ga Musulmi

Ɗalibi ko ɗan kasuwar da tafiya ta kai shi waɗannan wurare sai ya yi tambaya kafin ya ci. Naman alade ya shiga girkin Meksiko sosai tun zuwan Spaniyawa. Tako al pastor, wanda ake yankowa daga sandar ƙarfe mai juyawa, kamar shawarma yake a ido, kuma jikan shawarma ne, domin ƴan ci-ranin Labanan da maƙwabtanta ne suka kawo dabarar birnin Puwebla a farkon rabin ƙarni na 20. Sai dai daga baya an maye gurbin rago da alade. Carnitas da chorizo su ma alade ne. Ko a El Califa de León, cikin tako huɗun nan akwai na alade, kuma ƙarfe ɗaya ake gashi a kai. Wake da tortiyar alkama sau da yawa da kitsen alade ake yin su, sunansa manteca. Kalmomin da za su taimaka su ne res, naman sa, borrego, rago, chivo ko cabrito, akuya, pollo, kaza, pescado, kifi, cerdo ko puerco kuma alade. Batun yanka ma yana nan, ko da yake a manyan biranen Amurka irin su Hustan, Cikago da Los Anjeles an fara samun gidajen tako masu aiki da naman halal.

Washegarin sanar da tauraron Michelin, layi ya miƙe a titin Ribera de San Cosme, ƴan jarida da baƙi suka cika gaban El Califa de León, tsofaffin masu saye na unguwa suka koma jira a bayan mutanen da ba su taɓa gani ba. Mai gashin, Arturo Rivera Martínez, wanda ya shafe shekaru kusan ashirin a gaban wannan ƙarfe, an kawo masa farar rigar girmamawa ta Michelin. Tako dai huɗu ne kamar jiya, da gishiri da lemun tsami.